Galan ɗin Kufuor da hanyar raƙuman Ostiraliya

Kilomita 223 ne tsawon hanyar Larapinta. Tana tashi daga tsohuwar tashar tangaraho da ke bakin garin Alice Springs, a tsakiyar Ostiraliya, ta bi ƙashin bayan duwatsun MacDonnell ta yamma har ta dire a kan dutsen Sonder mai tsayin mita 1,380. An kasa ta kashi 12, kuma masu bin ta da ƙafa kan yi mako biyu zuwa uku a kanta. Ni ba duka nake son cinyewa ba. Wani yanki nata nake so in taka, sannan in zaga gindin dutsen Uluru, in kuma je wani ɗan gari da ake kira Marree in yi raka'a biyu a inda masu raƙuma suka yi tasu. Wannan tafiya ce na sa a gaba, kuma ita ta hana ni zama a lokacin da aka ce kowa ya zauna.

Ni bakanike ne a Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci ta birnin Kumasi a Ghana. Gidanmu yana Aboabo, gidan gado irin na zango, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ga bene hawa ɗaya da mahaifinmu ya ɗora ta gaba kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Ƙanena ya daɗe a Adelaide yana aikin walda. Shi ya fara turo mini hotunan jar ƙasar nan: hanya miƙe sambal, ba gida, ba bishiyar kirki, sai Land Cruiser ɗaya tana tayar da ƙura. Ya ce, "Yaya, motocin nan da kake wuni a ƙarƙashinsu, nan ne gidansu. Ka zo ka gani da idonka." Tun daga nan na buɗe susu, wato asusun tara kuɗi, na daban saboda kuɗin jirgi, na kuma manna taswirar ƙasar a bangon ɗaki.

Sai korona ta shigo. Ranar 12 ga Maris 2020 aka sanar da mutum biyu na farko da suka kamu a Ghana. Kafin mu farga an rufe makarantu da masallatai da coci-coci, an rufe iyakoki, ita ma Ostiraliya ta rufe ƙofarta ga baƙi ranar 20 ga watan. Daren 27 ga Maris Shugaba Akufo-Addo ya fito a talabijin ya ce daga Litinin 30 ga wata, mutanen Ankara da Tema da Kasoa da Kumasi da kewayenta kowa ya zauna a gida mako biyu, daga baya aka ƙara mako guda. Ba fita sai sayen abinci ko magani, ɗibar ruwa, zuwa banki, ko zuwa bayan gida na haya. Sojoji da 'yan sanda suka tsaya a mahaɗar hanyoyi. Magazin, inda ƙarar guduma ba ta yankewa tun daga hantsi har magariba, ta yi tsit.

Dokar kullen nan ce ta tona yawan tafiyar da ke ɓoye a cikin rayuwar ɗan zango. Masallaci sau biyar a rana. Zuwa tashar mota da dawowa. Ratsa kasuwar Kejetia da ƙafa domin motar ba ta iya kutsawa. Suna a Asawase, jana'iza a Tafo, gaisuwar mara lafiya a Alabar. Ba wanda ke kiran wannan motsa jiki, amma shi ke riƙe da mu. Rana ɗaya aka ɗauke shi duka, aka bar mu da tuwo da waakye da koko da ƙosai, kwano bai ragu ba ko kaɗan. Ni da na saba shiga ƙarƙashin mota in fito, in ciccibi giya bos da yara, in danne sifana har jijiyar wuya ta miƙe, tun makon farko bayana ya riƙe, barci ya fara yi mini gardama. Na san abin da ke samun motar da aka ajiye ba a tayarwa: batir ke fara mutuwa, taya ta zauna, birki ya kama, ranar da aka buƙace ta kuma sai turi. Ban yarda in isa Alice Springs a haka ba.

Ruwa na fara da shi, domin ruwa ne gaba ɗayan maganar dajin can. Hukumar gandun Uluru na ba masu tafiya shawarar shan lita ɗaya a kowace awa idan ana zafi, a kuma gama yawo kafin ƙarfe 11 na safe. Ranar da aka yi hasashen zafi zai kai digiri 36, akwai hanyoyin da ake rufewa tun kafin tsakar rana. A garin Oodnadatta an taɓa auna digiri 50.7 a watan Janairun 1960. A kan Larapinta akwai tankunan ruwa a mahaɗar sassan hanyar, amma tsakanin wannan tanki da wancan, abin da ka goya shi ne naka. Lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce, ba ragi. Ka ɗora tanti da bargo da abinci a kai, za ka ga dalilin da ya sa jakar masu bin hanyar da kansu kan kai kilo 15 zuwa 20.

Gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa na watannin Afrilu da Mayu da Yuni, Allah Ya saka, amma famfon gidanmu ba kullum yake kawowa ba, sai an bi layi an ɗebo a bakin lungu. Da can aikin yara mata ne da 'yan samari. Na ce a bar mini. Galan ɗin Kufuor, rawayan nan da aka juye man girki daga ciki, shi ne ya zama kayan atisayena. Wanda bai taɓa ɗaukar biyu a cike ba, ɗaya a kowane hannu, ba zai gane ba. Mariƙin roba ne siriri, yana shiga cikin yatsu kamar zai yanka. Ruwan ciki kuma ba ya zama wuri ɗaya: ka taka, ya tafi gaba, ka tsaya, ya dawo ya bugi bangon galan, shi kuma galan ya bugi gwiwarka. Dole ka ɗaure ciki, ka sauke kafaɗa, ka rage faɗin taku, ka bar idonka a kan kwatar da ke gefen hanya. Lungunmu ba a miƙe yake ba, ga duwatsu, ga katakon da aka gitta a kan lambatu. Kafin in kai randar Hajiya gumi ya jiƙa ni har ƙugu, tafin hannu ya yi ja, amma bayan nan da ya riƙe sai ya fara saki. Na sha ganin 'yan mata kayayo a Kejetia da kwanon kaya a ka, wasu da goyo a baya, suna ratsa cunkoso tun safe. Bayan galan ɗin nan ba na iya tsayawa ina ciniki da su a kan 'yan sulalla, kuma ina ganin bai kamata kowa ya yi ba.

Sai jakar goyo. Na sami tsohuwar jaka mai maɗaurin ƙugu, na kuma gano cewa babu ma'aunin nauyi da ya kai ruwan leda sauƙi. Ƙulli ɗaya rabin lita ne, wato rabin kilo, jaka guda kuma ƙulli 30 ce, kilo 15 ke nan cif. Sai ka fara da kaɗan, kana ƙara ƙulli biyu-biyu yadda jiki ya karɓa, ga shi ledar tana lanƙwasa ta bi bayanka ba ta tokare ka kamar dutse ko ƙarfe ba. Da ita nake hawa da sauka a matakalar bene bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Hawa na sa haki, amma sauka ce ke cin gwiwa, don haka a nan nake ɓata lokaci: in sauke ƙafa a hankali, in bar cinya ta riƙe nauyin, kada in faɗa a kan diddige. Ƙanena ya gaya mini cewa hanyar da ke zaga bakin kwazazzabon Kings Canyon, wadda ba ta wuce kilomita 6 ba, da matakalar dutse kusan 500 take farawa, kuma Larapinta yawancinta tsakuwa ce mai kaifi da gangara. Mai zuwa can ba gudu yake buƙata ba. Ƙafar da za ta jure maimaici yake buƙata, yau da gobe da jibi.

Da rana kuma akwai tsohuwar taya da na ajiye a soro, ina kifa ta ina tayarwa daga wannan bango zuwa wancan, sai tsugunne-tashi, sai igiyar shanya da 'ya'yana mata suka mayar ta tsalle. Uwargida ta ce ita ba ta shiga wannan layi, turmi da taɓarya sun ishe ta, kuma gaskiya ta faɗa. Wanda ya daka sakwarar gida guda ya san inda numfashinsa yake.

Wanda ya fi damuna shi ne Baba, wan mahaifinmu, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Ya haura saba'in, yana da hawan jini da ciwon suga, amma kafin korona ba ka ganin alama. Shi ke riga ladan zuwa masallaci, daga nan ya taka zuwa rumfar 'yan goro ya zauna da tsofaffin abokansa, azahar ta dawo da shi. Da aka rufe masallatai, kuma Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ce a yi biyayya a yi salla a gida, Baba bai ce uffan ba. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki, ya jingina da bango, rediyo a kunne. Cikin 'yan kwanaki ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. 'Yarsa da ke aikin jinya ta bugo waya ta ce lallai ya riƙa takawa, ko da zagayen tsakar gida ne, domin tafiya bayan cin abinci na taimakawa wajen sauke suga. Ya ce shi ba yaro ba ne da zai riƙa kewaya igiyar shanya.

Wata safiya ina saukowa daga bene da jaka a baya, sai ya kira ni.

"Wai kai, ina za ka da wannan kaya haka kullum, kuma ba ka isa?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, shirin tafiya nake yi wurin ƙanena."

"Can ɗin ba su da mota ne?"

Na ɗauko waya na nuna masa hoton masallacin Marree. Ba wani gini ba ne: guntun bangon laka, turakun itace, rufin ciyawa. Ya karɓi wayar ya nesanta ta da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan ai masallacin fatake ne. Su wane ne suka yi shi?"

Na ba shi labarin yadda na karanta. Lokacin da Turawa suka so ratsa tsakiyar Ostiraliya, doki da takarkari suka gaza, ƙishirwa ta ci su. Sai aka nemo raƙuma da masu iya su. A 1860 aka kawo wasu domin tafiyar binciken ƙasa ta Turawa biyu, Burke da Wills, a 1866 wani attajiri mai suna Thomas Elder ya shigo da ayari babba, daga nan abin ya buɗe. Mutanen daga Afganistan da Baluchistan da Punjab da Sindh suke, akasarinsu Musulmi, amma duka aka haɗa aka kira su 'yan Afganistan. Su suka yi dakon kayan layin tangarahon da ya ratsa ƙasar daga Port Augusta zuwa Darwin, wanda aka gama a 1872. Su ke kai gari da shayi da sukari gidajen makiyaya da ramukan haƙar ma'adinai, su dawo da ulu. Inda suka yada zango sukan kafa masallaci: na Marree shi ake ɗauka a matsayin na farko a ƙasar, akwai na Broken Hill da aka yi da kwano, akwai na Adelaide da aka gina a 1888 wanda har gobe ana salla a cikinsa, a nan ƙanena ke Juma'a. Dokar shige da fice ta 1901, wadda aka yi domin hana waɗanda ba farare ba shiga, ta sa da yawansu ba su iya kawo iyalansu ba. Da manyan motoci da jirgin ƙasa suka karɓe aikin a shekarun 1920, wasu suka saki raƙumansu a daji maimakon su harbe su. Jikokin raƙuman nan ne ke yawo a can yanzu, dubu ɗaruruwa, ba mai su. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Adelaide zuwa Darwin, tafiyar kilomita 2,979, Ghan ake ce masa, domin tunawa da mutanen nan.

Baba ya miƙo mini waya ya ce, "To ai mu ne."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Kakansa da ayari ya zo ƙasar nan, daga Kano, ta Jega, suka haye Kwara a wajen Yawuri, suka ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, suka biyo Yandi har Salaga. Kanwa suke kawowa da fatu da baƙin yadi, su koma da goron da ake fitarwa daga kurmin Asante. Watanni ake yi a hanya. Ya kwatanta mini yadda ake kula da huhun goro, a jera shi cikin ganye, a yayyafa ruwa, a riƙa kwancewa ana tsince mai sankara kada ya ɓata sauran, alhali mutanen da ke yayyafa ruwan su ma ƙishirwa suke ji. Ya ce madugu ba ya tayar da ayari sai ya san rijiyar da za a kwana a kanta, kuma jagaba ke wucewa gaba ya dubo hanya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Haka muka zama 'yan Aboabo. Na sha jin gutsattsarin labarin nan tun ina yaro, amma ban taɓa jin sa a jere haka ba, kuma ba don an kulle mu a gida ɗaya ba, da wataƙila ya tafi da shi.

Washegari bayan ya karya kumallo sai ga Baba a tsaye, carbi a hannu, sanda a ɗaya. Ya ce da yaran gida su fito, ayari zai tashi. Ya raba wa kusurwoyin tsakar gida sunaye: bakin soro Kano, wajen murhu Jega, kwatar wanki ita ce Kwara, dole a tsallake ta da bismilla, gindin matakala Nikki, randar Hajiya kuma Salaga, domin a can ake shan ruwa. Autan gida aka naɗa jagaba, ya wuce gaba yana leƙe-leƙe da gaske. Baba na tsakiya, yana jan carbi, kowane zagaye ƙwaya ɗaya. Ni aka ba ni baya da jakata, wai ni ne jakin ayari, kuma na karɓi muƙamin da hannu biyu. Da farko zagaye kaɗan yake yi ya nemi kujera. Kafin a ɗage doka silifas ya koma shiga, kuma shi ke tayar da mu idan mun yi nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Da wannan lissafin na je wa Baba da shi, da har yanzu yana kan buzu.

Ina da ra'ayi a kan wannan. An yi ta yi mana wa'azin wanke hannu a bokitin Veronica, mai famfon nan, da sa takunkumi, kuma daidai ne. Amma ban ji an yi maganar tsofaffin da aka raba da masallaci da majalisa ba, alhali su ne masu hawan jini da suga, su ne kuma cutar ta fi yi wa barazana. Bidiyon motsa jikin da ake ta turawa a WhatsApp na masu falo ne da tabarmar roba. Dattijon zango ba zai kwanta a ƙasa gaban jikokinsa yana ɗaga ƙafa ba. A ba shi dalilin tashi wanda bai taɓa girmansa ba, zai tashi.

An ɗage dokar kulle ranar 20 ga Afrilu, kwanaki kaɗan kuma azumi ya kama. Masallatai na nan a rufe, asham a gida, tafsiri a rediyo da Facebook, har sallar Idi a tsakar gida muka yi ta, Baba ya ja mu. Wani abokin aikina ya ce ai azumi ya zo mini daidai, in riƙa ɗaukar jaka da tsakar rana domin in saba da ƙishirwar hamada. Ban bi wannan shawara ba, kuma ina roƙon kada kowa ya bi. Jiki na sabawa da zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan koyi yin gumi da wuri, amma ba ya koyon aiki babu ruwa. Abin da ke biyo baya jiri ne da ciwon kai da wahalar da ƙoda. Sai na juya lokutan: aiki mai nauyi bayan asham, an sha ruwa an ci abinci ya faɗa, tafiya marar kaya kuma dab da magariba, yadda ina tsayawa ana kiran salla. Na rage nauyin jaka, na bar tayar nan ta huta. Ayarin Baba shi ma ya koma bayan buɗa-baki.

Dare kuma na taswira ne. A nan sana'ata ke shigowa, domin daga Adelaide da mota za mu tashi, ni da ƙanena. Marree na bakin hanyar Oodnadatta, kusan kilomita 600 ta tsakuwa da ƙura, wadda ke bin tsohon layin dogo da jerin idanun ruwan da 'yan asalin ƙasar suka sani tun dubban shekaru kafin raƙumi ko Bature ya taka wurin. Daga ƙarshenta a hau kwaltar Stuart zuwa Alice Springs, daga can kuma kusan kilomita 450 zuwa Uluru. Na riga na rubuta abin da ba zan yarda mu tashi babu shi ba: safaya biyu, fambel, tiyon lagireto, jak mai faɗin gindi saboda yashi, famfon iska, fis-fis, waya da filaya. Irin hanyar nan mai ƙunya-ƙunya tana kwance noti tana kashe shokozoba, na ga abin da hanyoyin arewa ke yi wa motocin da ake kawo mana Magazin. Dokar da kowa ke nanatawa a can ita ce idan mota ta mutu, kada ka bar ta ka kama tafiya neman taimako. Daga sama an fi ganin mota da mutum, ga inuwa, ga ruwanka a ciki. Akwai likitocin da ke zuwa da jirgin sama, aikin da aka fara tun 1928, amma sai sun san inda kake, ga shi a wurare da yawa waya ba ta kamawa. Shi ya sa ake barin bayanin hanya da ranar dawowa a hannun wani, a kuma riƙe 'yar na'urar kiran agaji mai aiki da tauraron ɗan'adam.

Uluru kam ba hawa za mu yi ba. An hana hawansa tun 26 ga Oktoban 2019, bisa roƙon mutanen Anangu, masu wurin, waɗanda aka mayar wa ƙasarsu a 1985. Tsayinsa mita 348 ne, zagayen gindinsa kuma wajen kilomita 10, kuma akwai sassan da suka ce kada a ɗauki hoto. Wannan bai yi mini nauyi ba. Mu da muka tashi a ƙasar Asantehene, sarkin Asante, mun san baƙo ba ya taka inda masu gari suka ce a tsaya. A lokacin kullen 2020 ma an rufe gandun, an kuma killace ƙauyukan 'yan asalin ƙasar saboda kada cutar ta shiga inda asibiti ke da nisa.

Abu biyu ne tsakar gidanmu ba za ta iya koya mini ba. Na farko busasshen zafi. Zafin Kumasi mai laima ne, gumi na zuba kana ganinsa, shi ke tuna maka ka sha ruwa. A can iska ke shanye gumin tun bai taru ba, mutum na bushewa bai sani ba. Mafi kusa da wannan a wurinmu shi ne arewa a ƙarshen hunturu, don haka na yi niyyar in je wajen Bolgatanga in taka duwatsun Tongo da jaka a baya idan Allah Ya kai mu. Na biyu sanyi. Lokacin tafiyar ƙafa a can daga Mayu ne zuwa Agusta, lokacin sanyinsu, kuma da dare a Yuni da Yuli har ruwa kan daskare. Wannan sai dai ƙanena ya tanadi bargo da rigunan da suka dace, domin ba abin da zan saya a Kumasi ba ne.

A lokacin da nake wannan rubutu, a shekarar 2020, iyakoki na nan a rufe, filin jirgin Kotoka na Ankara ma haka, takardar neman biza kuma tana cikin ambulan ban kai ba. Susu ya ja baya, domin makonnin da Magazin ta yi a rufe daga cikinsa muka ci, kuma ko da aka buɗe, masu motoci ba su dawo da ƙarfi ba. Abin da ke hannuna shi nake yi. Na sayi takalmin dutse na gwanjo a Kejetia, na ɗauki wanda ya ɗara ƙafata kaɗan saboda ƙafa na kumbura a doguwar tafiya, ina sa shi zuwa aiki da safa biyu domin ya saba da ni tun kafin ya yi mini bororo a inda babu mai magani. Ranar Asabar ni da yara biyu daga garejinmu za mu hau mota zuwa Kuntanase, mu gangara da ƙafa zuwa Abono a bakin tafkin Bosomtwe, mu hauro. Gangarar tana da tsayi kuma rana na dukanta sosai, don haka da asuba za mu tashi, kowa da takunkuminsa da ruwan ledarsa. Baba ya ce in an dawo a zo a gaya masa awa nawa haurowar ta ci, kuma ƙulli nawa ya rage a jaka.